Shaidu Biyu, Baki Ɗaya

Unguwar Rogo, Sakkwato
Farkon Rajab

Zuwa ga Yaya Atika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Nasiru. Allah ya raba lafiya. Mu nan ƙalau muke, in ban da ƙafar Baffa Abdulwahabu da ta sake kumbura, har ya koma yin salla a zaune.

Ina mai alfaharin sanar da ke cewa gagarumin aikin da kika ɗora mini ya kai gaci. Kaset-kaset ɗin karatun kakana, Malam Siddiƙu, duka sun shiga saba, wato babbar kwamfutar ajiyar nan da kika kafa mana a ɗakin bayan makaranta. Na ƙarshen shiga su ne na mahaifiyarki, Gwaggo Balaraba, Allah ya jiƙanta: waƙoƙin wa'azi da karatun da take yi wa mata a gidanta na Minanata. Zaren wasunsu ya tsufa matuƙa, da ƙyar ya jure juyi ɗaya, amma na tsamo abin da ke ciki.

Baffa ya dogara sanda ya zo ya gani da idonsa. Na yi masa cikakken sharhi a kan falsafar madubi, wato faifai biyun da kika haɗa, waɗanda duk abin da aka rubuta a ɗaya nan take ake rubuta shi a ɗayan, ta yadda ko guda ya mutu ɗan'uwansa yana riƙe da komai. Ya daɗe yana kallon fitilun na'urar, sannan ya ce, "Ashe shaidu biyu na. To ai abin da shari'a tac ce ke nan. In shaidu biyu sunka tsaya, magana ta ƙare." Ban taɓa jin an taƙaita ilimin da na kwashe shekaru ina nema a jami'a da irin wannan balaga ba.

Sai dai akwai mas'ala guda. Kin ce burinki, bayan kiran sallar da za a yi a kunnen abin da za a haifa, muryar Gwaggo ce za ta biyo baya. Alhali sautin cike yake da gurɓata: ƙugin fanka, kukan kaji, tarin tsofaffi. Mutuncina na masanin fasaha ba zai bar ni in aiko miki da shi haka ba. Na samo manhajar tace sauti mai inganci, amma duk lokacin da na tayar da ita sai ƙwaƙwalwar sabar ta cika, na'urar ta kashe aikin. Da na zurfafa bincike sai na gano tushen illar: suwap, wato ɗan filin nan da ake ware wa na'ura a kan faifai domin ta jibge abin da ya yi wa ƙwaƙwalwarta yawa, kamar yadda tela ke sauke yadi kan tabarma idan tebur ya cika. Tabarmar da kika shimfiɗa mata, tare da girmamawa, ta sallar yaro ce.

Shawarata ita ce in yanko fili daga wutsiyar babbar ma'ajiya in ƙara wa suwap. Ina jiran tabarrakinki.

Ƙanenki,
Gazali

*

Fatakwal
Tsakiyar Rajab

Farfesa Gazali,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka da ƙamus a gefena. Kakata ta sha faɗa cewa ɗan'uwanta Malam Siddiƙu ya tara jikoki masu baki, ban gaskata ba sai yau. Kada dai ka manta, a wasan taubasai da muka gada ku ne bayi, mu ne iyayengiji, ko da digiri ya kai tsayin hasumiya.

Lafiya lau nake, sai kumburin ƙafa, kamar ni da Baffa mun haɗa baki. Ka gaishe shi, ka ce masa ya rage gishiri. Likita ta ce ni ma in rage aiki, don haka na ɗauki hutu.

Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Da na kai inda ka ce muryar Inna ta shiga, sai da na ajiye wayar na ɗan zauna.

Yanzu ga magana. Kada ka yanka komai. Ka ƙirƙiri fayil guda a cikin ma'ajiyar, ka ce wa na'urar ta yi suwap a kansa. Kafin shayi ya huce ka gama, kuma ba ka taɓa iyakar kowa ba. Mu da muke kwana cikin saba a wurin aiki, abin da muke yi ke nan idan abu ya matse.

In kuwa taurin kan gidanku ya motsa, sai ka yanka ɗin, to ka fara zare faifai ɗaya daga madubin ka kulle shi a aljihun tebur. Shi ne hanyar komawarka. Ka kuma nemi faifan waje ka kwafe komai tukuna. Abin da ya sa ban ɗaga hankalina sosai ba, ko ba komai kaset ɗin suna nan a akwati.

Amma tsakani da Allah, wa ya ce ka tace? Kajin nan na san su. Akwai wani jan zakara da ba ya cara sai Inna ta kai tsakiyar baiti, ta tsaya ta ce a kore mata wannan ɗan hamayya. Mai tarin kuwa tsohuwa Sadiyatu ce, maƙwabciyarmu, wadda ta yi mini kitson farko. Ka turo min abina yadda yake.

Yayarka kuma uwargijiyarka,
Atika

*

Unguwar Rogo, Sakkwato
Ƙarshen Rajab

Zuwa ga Yaya Atika,

Bayan sallama da gaisuwa, na ji daɗin jin lafiyarki. Baffa ya karɓi saƙon gishiri, ya ce in gaya miki wanda ya yi nisa da tukunya ba ya hukunta miya. Zancen bauta kuma na bar shi sai kin zo gida, a kafa hujja gaban manya.

Na yi wa shawarwarinki nazari na adalci, kuma ina neman izinin yin ta'aliki.

Game da fayil, ban musa cewa yana aiki ba, amma faci ne. Saba mai ɗauke da gadon malamai ta cancanci tsari mai asali, wanda duk masanin da ya buɗe ta bayan shekaru zai ga an yi aiki bisa ƙa'ida. Ba na so a ce jikan Malam Siddiƙu ya yi aikin gaggawa a kan muryar kakansa.

Batun zare faifai ɗaya kuwa, nan ne na fi yin mamaki. Kin daɗe a Fatakwal, wataƙila kin manta halin wutarmu. Ana ɗauke ta ba sallama, batirin da muke da shi kuma ya gaji, ga zafi ya fara shigowa. Idan na zare faifai guda, na bar duk amanar a wuyan guda ɗaya a daidai lokacin da ake yi masa tiyata. Hankali ba zai karɓi a sallami shaida ɗaya ana tsakiyar shari'a ba. Ke kanki kin ce madubin shi ne hanyar komawa. To ni zan bar hanyar a buɗe, faifan biyu suna aiki tare, suna tsaron juna. Faifan waje da muke da shi cike yake da hotunan ɗalibai, kuma a gaskiya wanda yake da kwafi biyu ba ya cikin buƙatar na uku.

Sauran labari mai daɗi. An yi addu'ar shekara ta Malam a makon jiya, jama'a ta taru har bakin titi. Baffa ya tambaye ni a gaban mutane ko abin da ke cikin na'ura zai iya ɓata, na ba shi tabbaci ƙaƙƙarfa cewa a kimiyyance ba zai yiwu ba. Sai ya sa aka fito da akwatunan kaset, ya raba wa tsofaffin almajiran Malam a matsayin tabarruki, kamar yadda aka raba rawunansa da allunansa bayan rasuwarsa. Na Gwaggo kuma aka kai cikin gida aka raba wa matan da suka yi karatu a wurinta. Da kin ga yadda suke rungumarsu suna hawaye. Kaya sun koma hannun masu ƙaunarsu, ilimin kuma yana nan a killace.

Kajin ba zan kashe su duka ba, zan bar miki jan zakaran. Idan ban ji daga gare ki ba zuwa Juma'a, zan ɗauka kin gamsu da hujjojina.

Ƙanenki,
Gazali

*

Unguwar Rogo, Sakkwato
Cikin Sha'aban

Zuwa ga Yaya Atika,

Gaisuwa da fatan alheri. Juma'a ta wuce, wata ta bi bayanta. Na kira wayarki ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na san hutu kike yi, don haka na ɗauki shirunki a matsayin amincewa.

Albishirinki. An gudanar da aikin cikin nasara. Na yanko fili mai yalwa daga wutsiyar ma'ajiya na miƙa wa suwap. Na'urar ta yi ɗan gargaɗin nan da suka saba yi don tsorata 'yan koyo, na amsa mata da e. Saboda taka-tsantsan ban fara da na Gwaggo ba. Na jera karatun Malam gaba ɗaya na sakar wa manhajar, ta wuni tana aiki, suwap ya cika maƙil, amma ko gezau. Na kunna wa Baffa tafsirin da aka tace, ya ce kamar Malam yana zaune a zaure.

Gobe in sha Allahu zan shiga na Gwaggo. Ki shirya kunnuwanki.

Ƙanenki,
Gazali

*

Unguwar Rogo, Sakkwato
Cikin Sha'aban

Yaya Atika,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Don Allah idan kin ga wannan ki kira ni.

Na buɗe jakar Gwaggo da safe. Sunayen suna nan a jere yadda na rubuta su. Na taɓa na farko, ya ƙi buɗewa. Na biyu ma haka. Na bi su har ƙasa.

Na zauna na binciki abin da ya faru, kuma zan faɗa miki ba tare da ado ba. Ma'ajiya tana cika ne daga gaba zuwa baya. Na Malam su suka fara shiga, suna gaba. Na Gwaggo su ne na ƙarshe, suna wutsiya. Akwai matakin da ake fara yi kafin yanka, a sa na'ura ta tattaro abin da ke wutsiya ta matso da shi ciki. Na san da matakin, mun karanta shi. Na ga ma'ajiyar ba ta cika ba, na ɗauka bayanta fili ne. Gargaɗin da na ce na 'yan koyo ne, abin da yake faɗa ke nan.

Wato filin da na ba suwap, muryar Gwaggo ce a kansa. Wunin da na yi ina tace karatun Malam ina murna, na'urar tana zubar da tarkacenta ne a kan Gwaggo.

Ban firgita nan da nan ba. Na ce ai akwai madubi. Na kashe sabar, na zare faifai na biyu, na haɗa shi da kwamfutata. Yaya Atika, abin da ke kan na farko shi ne a kansa, babu bambancin ko ɗigo. Lokacin da na yanka, tare aka yanka su. Lokacin da aka zuba tarkacen, tare aka zuba musu. Ya yi aikinsa daidai yadda kika kafa shi.

Na mayar da filin inda na yanko shi. Yanzu fayilolin suna buɗewa, amma abin da ke fita ƙara ce kamar ruwan sama a kan kwano.

Na sake karanta wasiƙarki. Kin ce in zare ɗaya in kulle a aljihun tebur, shi ne hanyar komawa. Faifan da ke cikin aljihun tebur kike nufi. Ni na karanta abin da nake so in gani.

Ban gaya wa Baffa ba tukuna. Na kira Malam Nasiru, tasa wayar ma a kashe.

Gazali

*

Fatakwal
Ƙarshen Sha'aban

Gazali,

Wa alaikumus salam. Jiya aka sallamo ni daga asibiti. Haihuwar ta zo da gardama, jini ya hau, sai da aka yi aiki, kuma na daɗe ban san inda nake ba. An samu mace, tana lafiya. An yi suna ina kwance, an mayar mata da sunan Inna, muna kiranta Ummi.

Wasiƙunka uku na tarar, na karanta su a jere a zama ɗaya. A ta farko, da na kai inda aka raba kaset, na ɗago kai zan ce a kira min kai, sai na ga kwanan watan.

Ka kashe sabar, ka bar ta a kashe. Kada ka gwada wata manhajar ceto, kada ka gwada komai. Abin da suwap ya hau ya tafi, na sani, amma ba na so a ƙara taɓa wurin.

Ka je ka gaya wa Baffa da bakinka, yau. Sannan ka bi matan nan gida-gida. Tsohuwa Sadiyatu ta san su duka. Ko guda ɗaya ne, ka samo min.

Atika

*

Unguwar Rogo, Sakkwato
Cikin azumi

Yaya Atika,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya raya Ummi, ya ƙara miki lafiya. Ya ibada? Na jinkirta amsa ne don ina so in zo da wani abu a hannu.

Na gaya wa Baffa. Ya sa na maimaita bayanin, a hankali, ba da manyan kalmomi ba. Da na gama ya ce, "Tsaya. Shi na biyun, shi ma ya ji karatun da kunnenai, ko ko abin da na farkon yac ce shika maimaitawa?" Na ce maimaitawa yake yi. Ya ce, "To wanga ba shaidu biyu ba na, Gazali. Mutum guda na da ɗan amshinai. Ko alƙalin ƙauye ba ya karɓar wagga shaida." Daga nan ya ce shi ya raba kaset da hannunsa, don haka kada in ɗauki kayan ni kaɗai. Wannan ya fi mini zafi a kan da ya zage ni. Tun ranar bai ƙara tambayata labarin na'ura ba.

Tsohuwa Sadiyatu ta raka ni, duk da azumi da rana. Mun bi Minanata da Gidan Dare, mun fita har ƙauyukan bakin gulbi. Ba wadda ta hana mu, kowacce ta shiga ɗaki ta ɗauko nata da hannu biyu.

Abin da ban yi tunani ba shi ne babu mai rediyon kaset a cikinsu yanzu. Ba don su saurara suka karɓa ba. Da suka koma gida, sauran ɗaliban Gwaggo da ba su samu ba suka yi ta zuwa neman nasu rabon albarkar. Sai suka buɗe kaset ɗin suka zaro zaren, suka yanka da almakashi, kowa aka ba ta ɗan taƙi. Wasu sun naɗe a takarda sun sa cikin Alƙur'ani, wasu sun ɗinke a fata. Wata ta kwance nata daga bakin zane ta nuna mini, bai fi tsawon yatsa ba, ta ce, "Ga Malama nan, kullum muna tare."

Na samu 'yan kaɗan da ba a yanka ba. Su ne masu tsohon zaren nan da na ce miki da ƙyar ya jure juyi ɗaya. Na saka su, zaren yana tafiya yana zubar da jan gari, babu abin da ke fita sai huci.

Kafin saƙonki na kashe sabar ya iso, na riga na saurari fayilolin duka daga farko har ƙarshe, ko da wani wuri ya tsira. Wuri ɗaya na samu, a farkon wani karatu. Ba waƙa ba ce, ba ta ma fara ba. Ana jin fanka, ana jin kaji, sai ta gyara murya ta ce, "Ku matso ciki, na baya ba su ji." Daga nan sai ƙarar.

Tsohuwa Sadiyatu ta ce ta haddace waƙoƙin da yawa, in kina so za ta rera in ɗauka. Na ce sai na tambaye ki. Ban ƙara yin komai da ra'ayina ba.

Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba. Na rubuta na goge har na gaji.

Gazali

*

Fatakwal
Goman ƙarshe

Malam Gazali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ɗinkin yana warkewa, Ummi tana shan nono sosai. Ka gaishe da Baffa, ka ce masa ban riƙe shi da komai ba.

Ka ce wa tsohuwa Sadiyatu na gode, ta rera, ka ɗauka, a ajiye saboda ɗalibai. Amma kada ka rubuta sunan Inna a kai. Matan nan kuma ka bar musu abinsu, kada ka karɓi ko taƙi ɗaya.

Ka tayar da sabar, karatun Malam yana da masu jiransa. Kafin ka yi komai ka sami faifan waje ka kwafe, ka kai shi wani gida ka ajiye. In suwap ya sake yi maka kaɗan, ka yi fayil.

Ka ce ba ka san yadda ake neman gafara ba. Wata ne na yafiya, kuma na yafe, don ina so ni ma a yafe mini. Wasan da ke tsakaninmu ne ban san lokacin da zan iya komawa gare shi ba. Kada ka jira shi a wasiƙa ta gaba.

Wancan guntun, inda take cewa a matso, ka turo min shi yau. Ummi tana farke da hantsi, ina so in kanga mata a kunne. Ka bar fankar, ka bar kajin, ka bar ƙarar da ta biyo baya. Kada ka gyara komai.

Atika